Tari ɗaya, dalili goma: yadda ake gane abin da ke damun huhu

Abin da ya daɗe yana bani mamaki game da huhu shine, duk girman aikin da yake yi, bakinsa ɗan ƙarami ne. Ina nufin hanyoyin da yake da su na kai kuka basu da yawa. In wani abu ya dame shi ko dai ayi tari, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙa kuka kamar ana fito, ko aji suka a haƙarƙari, ko kuma aga jini a kaki. Kusan shikenan fa. Amma cututtukan da suke iya jawo waɗannan 'yan alamomin Allah ya yi yawa da su, tun daga murar da zata tafi da kanta cikin sati ɗaya har zuwa abin da in ba'a tashi tsaye ba mutum ba zai ga asuba ba. Shiyasa duk sanda wani ya tambaye ni wai wane magani ne yake kashe tari sai in rasa ta inda zan fara, don shi tarin ɗan aike ne kawai, kai kuma kana neman sandar da zaka kore shi tun baka ji saƙon da ya kawo ba.

Bari mu ɗan leƙa ciki tukunna, don in baka san yadda gidan yake ba ba zaka gane daga wane ɗaki hayaƙin yake fitowa ba. Iska tana shiga ta hanci ko baki, ta bi maƙogwaro ta gangara, a tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daga nan kowanne yayi ta rassa kamar bishiyar da aka kifa kanta ƙasa, rabuwa sama da sau 20, har a kai ga wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi ne a ƙirjin mutum ɗaya. A nan ne ake musayar, oksijin ya tsallaka cikin jini, iskar da jiki ya gama da ita wato kabon dayoksaid ita kuma ta tsallako a fitar da ita. Huhun baya iya buɗe kansa da kansa, wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki take saukowa ta zuƙo iskar, naman tsakanin haƙarƙari na taya ta. Babban mutum mai lafiya in yana zaune yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wajen sau dubu 20 kenan tsakanin dare da rana, bai ma san yana yi ba. Sannan ga wani abu da mutane da yawa basu sani ba, abin da yake matsa maka lallai sai ka ja numfashi yawanci taruwar kabon dayoksaid ne a jini, ba ƙarewar oksijin ba. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

To kaga matsala na iya zama a bututun, ko a jakunkunan, ko a jijiyoyin jinin da suka nannaɗe su, ko a tantanin da ya lulluɓe huhun, ko ma ba a huhun ba sam, a zuciya ko a jinin kansa. Kuma dukkansu da yare ɗaya zasu yi maka magana. Abin da yake raba su shine tun yaushe abin ya fara, wane lokaci yafi tashi, kuma da wa ya zo.

Mu ɗauki tari. Cikin bututun nan akwai majina siririya da take kama ƙura da ƙwayoyin cuta, ƙarƙashinta kuma akwai wasu 'yan gashi ƙanana da suke share ta zuwa sama dare da rana, kana haɗiye ta baka sani ba. In sharar tafi ƙarfin tsintsiyar, ko wani abu ya sosa bangon bututun, sai jiki ya rufe maƙoshi ya matse ƙirji ya saki iska da ƙarfi. Tari kenan. Mafi yawan tarin da ake yi na mura ne, bairos ne ya kawo shi, kuma abin haushi yakan daɗe fiye da murar, zazzaɓi ya tafi hanci ya bushe amma tarin na nan har sati 2 ko 3 saboda bangon bututun bai gama warkewa ba, iska mai sanyi kaɗan ko dariya sai ya tashi. Wannan baya buƙatar antibayotik, don antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos. Kuma maganar nan da ake yi wai in kaki ya zama kore ko rawaya to lallai sai an sha antibayotik, ba haka take ba kai tsaye, launin daga fararen ƙwayoyin jinin da suka zo yaƙi yake fitowa, kuma suna zuwa ko bairos ne ko bakteriya. Mutum sai ya shanye kwalin kafso uku akan tarin da dama zai tafi da kansa, ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya daina ji.

Likitoci suna raba tari da makonni. Wanda bai kai sati 3 ba sabo ne, wanda ya haura sati 8 kuma ya zama daɗaɗɗe, sai an nemo dalilinsa. Amma akwai wani layi kafin nan da bai kamata a tsallake ba, sati 2. Tarin da ya kai sati 2 ga zazzaɓin yamma-yamma, ga gumi da daddare har sai an canza riga, ga rama da rashin son abinci, wannan a gwada kaki a ga ko tarin fuka ne kafin ayi wata magana. Mutane suna ɗauka tibi, wato tarin fukan, ciwon da ne, ai tun 24 ga Maris 1882 wani likita Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar a Jamus, shiyasa ma ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan ranar. To amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce mutum miliyan 10.8 ne suka kwanta da shi a shekarar, wajen miliyan 1.25 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, tana kwance shiru garkuwar jiki ta danne ta, sai ranar da garkuwar tayi rauni, ko ta dalilin cutar ƙanjamau ko ciwon suga ko yunwa ko tsufa, sannan ta farka. Ta iska ake ɗaukarsa, musamman a ɗakin da ba taga kuma an cunkushe. Abin daɗin shine yana warkewa, wata 6 ana shan magani, wata 2 na farko kala huɗu sauran wata 4 kala biyu, ɗaya daga ciki rifamfisin yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan tsatsa, kar wannan ya tsorata kowa. Inda ake samun matsala shine bayan wata ɗaya ko biyu mutum yaji garau, ƙiba ta fara dawowa, sai ya ajiye maganin. Ƙwayoyin da suka rage kuwa sune masu taurin kai, in suka dawo maganin farko ba lallai ya taɓa su ba.

Akwai kuma daɗaɗɗen tarin da huhu bashi da laifi ko kaɗan, kuma wannan ne yafi wahalar da mutane don sai ayi ta hoton ƙirji ana cewa lafiya lau. Wani majina ce take gangarowa daga bayan hanci zuwa maƙoshi, musamman mai alaji, zakaji kullum yana gyaran murya. Wani ƙwannafi ne, ruwan ciki mai tsami yana tasowa in ya kwanta bayan ya ci ya ƙoshi, yana sosa maƙogwaro, wasu ma basa jin zafin ƙirjin sai tarin kawai da dashewar murya da safe. Wani kuma, wannan na gani da idona, maganin hawan jini ne. Wata 'yar'uwata ta shafe watanni da busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙoshi, ba kaki ba zazzaɓi, in tana magana sai ta tsaya tsakiyar zance tayi ƙyaf-ƙyaf ta kurɓi ruwa, kwalaben maganin tari sun cika mata kan durowa. Ashe tun lokacin da aka ɗora ta akan lisinofril abin ya fara, ba wanda ya haɗa biyun. Shi da 'yan gidansu irin su kaftofril da enalafril an san su da haka. Likita ya canza mata wani, tarin ya ɗauke cikin 'yan makonni. Amma fa likita ne ya canza, ba ita ta daina sha da kanta ba, don hawan jini ba'a wasa da shi.

Lokacin da tarin yake tashi shima magana ce. Wanda yake tada mutum tsakar dare ko gab da asuba, ko bayan gudu, ko in an shaƙi ƙura ko turare mai ƙarfi, yana zuwa yana tafiya, asma ake fara zargi ko da ba'a taɓa jin ƙirjin yayi kuka ba. Na mai shan taba kuwa da sassafe ne da kaki mai yawa, saboda hayaƙi yana shanye 'yan gashin nan masu shara, dattin ya taru. Yaron da yake jero tari ba tsayawa har fuskarsa ta canza, sannan ya ja numfashi da ƙara ko yayi amai, tarin shiƙa kenan, akwai rigakafinsa cikin alluran jarirai. Maganin tari na kwalba dai, gaskiya ni ban cika ganin amfaninsa ba, in tarin mai kaki ne ma danne shi kamar ka toshe kwata ne ana ruwa. Masu kodin a ciki kuwa hukumomin magunguna a Turai da Amurka sun hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, don yana iya rage masa numfashi.

Jini a kaki ba'a jira da shi, ko ɗan zare ne. Sau da yawa ƙaramar jijiya ce ta fashe saboda tsananin tari, ko daga hanci ko dasashi ya gangaro, amma kuma alama ce ta tarin fuka, da kansar huhu, da gudan jini da ya toshe jijiya. Na huhu ja ne jawur da kumfa-kumfa kuma da tari yake fitowa, na ciki yakan yi baƙi-baƙi kuma da amai yake zuwa. Mai shan taba da ya haura shekara 40 in tarinsa ya canza salo, ko murya ta dushe ta ƙi dawowa, ko yana rama ba dalili, hoton ƙirji ya kama shi.

Yanzu sarƙewar numfashi, wanda a wurina yafi tari abin tsoro kuma yafi shi ruɗarwa. Tambayar farko ita ce cikin minti nawa, ko kwana nawa, ko shekara nawa abin ya zo. In cikin mintoci ne mutum yana zaune lafiya sai numfashi ya gagara, abubuwan da ake tunani kaɗan ne kuma duk na gaggawa ne. Ko asma ce ta tashi, ko wani abu ya faɗa hanyar iska, ko alaji mai tsanani bayan allura ko harbin ƙwaro har leɓe da harshe suka kumbura, ko huhu ya huje iska ta taru a bayansa ta danne shi, wannan yakan sami samari dogaye sirara haka kawai ba faɗuwa ba duka. Ko kuma gudan jini ne ya taso daga jijiyar ƙafa ya bi ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Wannan na ƙarshen yana son wanda ya daɗe a kwance, wanda aka yi wa tiyata, mai ciki ko mai jego, da wanda yayi doguwar tafiya a zaune bai motsa ba, kuma sau da yawa kafin nan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo an ɗauka gajiya ce. Likita zai saurari ƙirjin yaji iska na shiga lafiya lau, hoto ma ya fito kusan ba komai, alhali jinin ne baya isa wurin.

In cikin awanni ko kwanaki ne, ga zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da tari da suka a gefe ɗaya, nimoniya ce akan gaba, jakunkunan nan ne suka cika da ruwa da mugunya maimakon iska. A tsofaffi kuma tana iya zuwa ba zazzaɓi ba tari, sai dai aga mutum ya rikice yana surutai ko ya kasa tashi. Mai sikila in ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki shima ba'a kwana da shi a gida.

A yara ƙanana nimoniya ce take kisa fiye da yadda ake zato, a 2019 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da dubu 740 a duniya, kuma hanyar gano ta a gida bata buƙatar komai sai ido da agogo. Na taɓa zama a bakin gado wajen ƙarfe biyun dare da wayata a hannu, na ɗage wa ɗana riga yana barci, yana da shekara biyu lokacin, na sa agogon waya na fara ƙirga tashin cikinsa, ɗaya, biyu, uku, har minti ya cika. Na samu 48. Na ce ko na yi kuskure ne, na sake, 50. Jikinsa da zafi amma tarin ba wani mai yawa bane, da tarin na bi da na koma barci na. Ƙa'idar ita ce jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 ko fiye a minti yayi sauri, daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40. A ƙirga yaro yana natse, ba yana kuka ba, kuma cikakken minti, don numfashin jarirai baya tafiya daidai. Sannan a duba ƙasan haƙarƙari, in yaja numfashi wurin yana lotsawa ciki maimakon ya taso, ko ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, ko yana wani gurnani a ƙarshen kowane numfashi, ko ya kasa shan nono, to abin yayi nisa. Mu dai a daren muka tafi asibiti, kuma nimoniyar ce.

Wanda yafi yaudara shine mai zuwa a hankali cikin watanni da shekaru, don mutum yana rage rayuwarsa ne daidai da numfashinsa bai sani ba. Da yana hawa bene ba tsayawa, yanzu sai ya tsaya a tsakiya yayi kamar yana duba waya. Da yana tafiya da abokansa, yanzu shine na baya. In ka tambaye shi sai yace ai girma ne ya zo. Girma baya sa mutum haki don ya sa takalmi ko ya yi wanka. A nan akwai daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska da hayaƙi ke jawowa, inda bututun ya ƙuntace jakunkunan kuma suka yage suka saki kamar tsohuwar roba, iska ta shiga ta ƙi fita, zakaga mutum yana tsuke baki yana fitar da numfashi a hankali. Ita ce ta uku a jerin masu kisa a duniya a 2019, mutum miliyan 3.2 da ɗoriya. Abin da ya yage baya ɗinkuwa, amma in an daina shaƙar hayaƙin lalacewar tana rage gudu sosai.

Sai zuciya. In zuciya ta gaji bata tura jini yadda ya kamata, jinin yana taruwa a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Alamarta ta daban ce, kwanciya take ƙi. Mutum ya fara da filo ɗaya, ya koma biyu, uku, ƙarshe a kujera yake kwana, ko ya yi barci awa biyu ya farka a firgice ya nufi taga yana neman iska, ƙafafu sun kumbura in ka danna yatsa ramin ya zauna. Mutane da yawa sun sha maganin asma shekara da shekaru alhali zuciya ce, galibi hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne ya kai ta nan. Ƙarancin jini ma yana sa haki, huhu lafiya zuciya lafiya amma motocin ɗaukar oksijin ɗin ne suka yi kaɗan, sai ka ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, zuciya na bugawa fat-fat. Mai ciwon suga kuma in ya fara wani dogon numfashi mai zurfi ba tari ba kuka, ga ƙishirwa da amai, jininsa ne yayi tsami jiki yake ƙoƙarin fitar da tsamin ta numfashi, wannan asibiti ne yanzu-yanzu.

Ka tuna maganar kabon dayoksaid ɗin nan? Ita ce take bayyana abubuwa biyu masu kama da almara. Na farko, mai firgici ko tsananin damuwa yana jin kamar iska bata isarsa, yayi ta zuƙa da sauri, alhali oksijin ɗinsa cike yake, kabon dayoksaid ɗin ne ya zubar da yawa, shiyasa yatsu da leɓe suke masa dindiris kansa yayi jiri. Ciwo ne na gaske ba iya shege ba, amma sai an tabbatar ba wani abu bane kafin a ce shine. Na biyu kishiyarsa, lokacin korona likitoci sun yi ta ganin mutane suna zaune suna hira suna danna waya oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa warwas basu ji komai ba, saboda kabon dayoksaid ɗin yana fita lafiya, ƙararrawar bata kaɗa ba. Don haka yadda mutum yake ji da abin da ke cikin jininsa ba kullum suke tafiya tare ba.

Kukan ƙirji kala biyu ne kuma yana da kyau a bambance. Mai kama da fito da akafi ji in ana fitar da numfashi daga ƙananan bututu yake, sun matse sun kumbura, asma kenan ko toshewar nan ta hayaƙi. Mai kaushi da ake ji in ana jan numfashi kuma daga sama yake, wajen maƙogwaro, kuma in yaro yana wasa lafiya sai kwatsam ya shaƙe ya kama tari, a yi tunanin ya zuƙi wani abu, maɓalli ko guntun abin wasa, yawanci ɓangaren dama yake faɗawa don bututun can yafi faɗi kuma yafi miƙewa. Game da asma, wadda aka ƙiyasta mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, akwai abu biyu da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ɗaya tsoron inhela, wai in ka fara ba ka dainawa, alhali ita ce take kai magani ɗan kaɗan kai tsaye inda ake buƙata maimakon ƙwaya da zata zaga duk jiki. Ɗayan kuma dogaro da shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol kaɗai, ita buɗe bututu take yi na 'yan awanni, kumburin da ke ƙasa yana nan, akwai wata inhelar daban mai maganin kumburin. Kuma in mai asma yana ta kuka sai ƙirjin yayi tsit amma yana nan yana fama baya iya haɗa kalma uku, ba sauƙi ya samu ba, iskar ce ta daina wucewa har ta yi ƙara.

Ciwon ƙirji ba zan daɗe a kansa ba. Naman huhu kansa baya jin ciwo, shiyasa cutar kansa take girma a ciki shiru. Tantanin da ya lulluɓe shi ne mai ji, in ya kumbura sai kaji suka kamar wuƙa duk sanda ka ja numfashi ko kayi tari. Wanda in ka danna wurin da yatsa yake ƙaruwa yawanci na tsoka ne ko haƙarƙari. Wanda kuma yake kamar an ɗora maka dutse a tsakiyar ƙirji, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi, wannan zuciya ce, ba'a shafa masa man zafi.

In aka bi diddigin yawancin waɗannan, abin da muke shaƙa ne. Tun 1950 wasu masu bincike Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka nuna alaƙar taba da kansar huhu, yanzu an san wajen kashi 85 cikin 100 na kansar huhu daga taba take, hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo kansa, kuma wanda ke zaune kusa da mai sha yana samun rabonsa. Shisha ma hayaƙi ce, ruwan da take bi ta ciki baya wanke ta. Amma akwai matan da basu taɓa riƙe sigari ba huhunsu kamar na wanda ya shekara 30 yana sha, saboda sama da mutum biliyan 2 a duniya da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki, kuma hayaƙin cikin gida an ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, har da yaran da ke kusa da murhun. Masu fasa dutse da haƙar ma'adinai ƙurar dutsen tana zama a huhu ta mayar da shi tabo, ba ta fita har abada, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wanda ya daina taba kuma kar ya karaya in tarinsa ya ƙaru a makonnin farko, 'yan gashin nan ne suka farfaɗo suka kama sharar da ta taru.

Mafi sharrin hayaƙi kuwa shine wanda baya sa tari ko kaɗan. Janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki suna fitar da kabon monoksaid, bashi da wari bashi da launi, yana manne wa jini fiye da oksijin sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci, shikenan. In duk mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai lokaci guda a fita waje tukunna kafin a yi tunanin komai. Ita kanta 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ɗin jini, wadda a mai lafiya take nuna 95 zuwa 100, kabon monoksaid yana yaudararta ta nuna lamba mai kyau. Kuma wani bincike da aka buga a 2020 daga Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna a masu baƙar fata tana yawan nuna lamba sama da gaskiya, an samu ɓoyayyen ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da na farar fata. Lalle mai duhu ko jan farce ko yatsa mai sanyi ma suna rikita ta. Haka maganar da littattafai ke yi wai leɓe zai koma shuɗi, a fata mai duhu sai dai ka duba harshe da cikin leɓe da dasashi, zaka ga sun yi toka-toka.

Minshari ma ba duka ne na gajiya ba. In mutum yana ja sai yayi ɗif na wasu daƙiƙu sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, da rana kuma yana gyangyaɗi ko'ina ya zauna, maƙoshinsa ne yake rufewa cikin barci, kuma yana da hannu a hawan jinin da ya ƙi jin magani. Shi baya sani, wanda suke ɗaki ɗaya ne zai faɗa.

Akwai wata alama da bata ƙirji ba ma, a yatsu take, tun zamanin Hippocrates, tsohon likitan nan na Girka, aka lura da ita. Kan yatsun yana kumbura yayi gululu, farcen ya lanƙwashe kamar bayan cokali, ba ciwo ba komai, a hankali yake zuwa har mai shi baya lura. Ana ganinta a kansar huhu, da huhun da ya daɗe yana tara mugunya, da wanda ya zama tabo, da wasu cututtukan zuciya da aka haifi mutum da su, wasu kuma gado ne kawai a danginsu. Ka haɗa bayan farcen manuniyarka ta dama da ta hagu, gaɓar ƙarshe na jingine da juna, ka ɗaga su saitin haske. A yawancin mutane akwai 'yar ƙaramar taga siririya da haske ke ratsawa tsakanin gindin faratan biyu. In tagar ta rufe ruf kuma da ba haka yatsunka suke ba, ka nuna wa likita.